Tabbatar da Ingancin Rinin Antibodi a Ɗakin Binciken Cututtuka

Gabatarwa

Idan likitan tiyata ya yanke wa mace ƙari a mama, ba ya yar da naman. Ya kan sa shi cikin kwalba a kai ɗakin binciken cututtuka, bayan 'yan kwanaki takarda ta komo masa. A cikin takardar nan akwai wani gajeren layi mai faɗin ko ƙwayoyin ciwon suna da abin da a ke kira makarɓin istirojin, ko kuwa ba su da shi. In aka ce suna da shi, sai a ɗora matar a kan magani irin su tamoksifen, ta yi shekara 5 ko 10 tana sha, wannan kuwa yana rage komowar ciwon ƙwarai. In aka ce ba su da shi, ba za a ba ta ba, don ba zai amfane ta ba. To, wanda ya rubuta layin nan bai ga makarɓin da idonsa ba, gama ya fi ƙarfin madubin likita. Launi kurum ya gani, launin ƙasa-ƙasa a kan ɗan gilashi, ko kuwa rashin launin, ya yanke hukunci a kansa.

A kotun alƙali ba a karɓar maganar shaida sai an bincika halinsa, an sami waɗanda suka san shi sun tsarkake shi. Launin nan kuwa shaida ne, a kan bakinsa za a ba mutum magani ko a hana shi. Nufinmu a wannan takarda mu bayyana wa malamai yadda a ke binciken halin wannan shaida tun kafin a yarda ya yi magana a kan majiyyaci, da kuma abin da ya kan auku in an yi sakaci da binciken.

1. Abin da a ke nufi da rinin antibodi

Jikin mutum da na dabba suna yin wasu sinadarai na tsaro, waɗanda a ke kira antibodi. Aikin kowane antibodi shi ne ya gane wani abu guda, ya maƙale masa, kamar yadda mabuɗi ke shiga kwaɗonsa ya ƙi na maƙwabci. Abin da ya ke maƙale wa shi a ke kira antijin, galibi kuwa wani ɗan sashe ne na furotin. Masu bincike suka lura cewa in an yi wa zomo ko ɓera allurar wani furotin na mutum, jikinsa zai yi antibodin da zai gane furotin nan duk inda ya gamu da shi. In an ɗaura wa antibodin nan wata alama mai launi, an zuba shi a kan yankin nama, sai ya nuna wurin da furotin ya ke.

Albert Coons da abokan aikinsa na Jami'ar Harvard ta Amurka su ne suka fara haɗa antibodi da sinadari mai ƙyalli a shekarar 1941. A 1966 Nakane da Pierce suka nuna yadda za a ɗaura masa wani sinadari mai haifar da launi tabbatacce, wanda za a iya gani da madubin likita na kullum. A 1974 Taylor da Burns suka nuna a Oksfod cewa dabarar tana ci a kan naman da aka adana yadda asibitoci suka saba adanawa. A 1975 Köhler da Milstein suka gano a Kambirij yadda za a sami antibodi iri guda tak daga zuriyar ƙwaya ɗaya, a yi ta samunsa ba yankewa, aikin da ya jawo musu lambar Nobel a 1984. Kowace zuriya irin wannan tana da sunanta ko lambarta, za mu kuwa sake komowa kanta a gaba.

Yau a kan yi amfani da rinin nan ta fuska biyu. Ta farko, don a gane asalin ciwo: ƙarin da aka samu a hanta, daga huhu ya taso ko daga hanji, ƙarin kaluluwa, wane iri ne daga cikin ire-irensa masu yawa. A nan ba a dogara ga rini guda, a kan haɗa uku ko biyar ko fi, su yi wa juna shaida, ga kuma siffar ƙwayoyin tana taimako. Ta biyu, don a zaɓi magani, kamar makarɓin istirojin da furotin da a ke kira HER2 a sankarar mama. A nan rini guda shi kaɗai ke magana, ba mai gyara masa in ya yi kuskure. Saboda haka binciken halinsa ya fi tsanani.

2. Hanyar da nama ke bi

Kafin mai karatu ya gane inda kuskure ke shiga, sai ya san tafiyar da naman ke yi. Da zarar an raba nama da jiki, jini ya yanke masa, sai ya fara lalacewa, furotin ɗinsa na narkewa. Don a tsai da wannan a kan tsoma shi cikin ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, wanda aka daidaita tsaminsa. Aikin fomalin a kan nama ya yi kama da aikin bagaruwa a hannun majemi: yana ɗaure furotin da juna, naman ya ƙanƙame, ya daina ruɓa. Amma fa a hankali ya ke ratsawa, kamar milimita guda a sa'a, sa'an nan ya yi ta rage sauri. Mama guda in an jefa shi cikin bokiti ba a tsaga ba, bayansa zai kamu, tsakiyarsa kuwa ta lalace kafin ruwan ya isa gare ta. Shi ya sa ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin Amurka suka shimfiɗa ta ce kada naman mama ya wuce sa'a guda bai shiga fomalin ba, a tsattsaga shi yanka-yanka, ya kuma zauna a ciki tsakanin sa'a 6 da sa'a 72.

Bayan wannan sai a tsotse ruwan naman da barasa, a dasa shi cikin kaki irin na kyandir, a yanka shi da inji, kaurin kowane yanka kamar kashi 4 cikin 1,000 na milimita, a shimfiɗa bisa gilashi. Sai dai ɗaurin nan da fomalin ya yi ya kan rufe wurin da antibodi zai kama. A 1991 Shi da Key da Kalra suka nuna cewa in an dafa yankan cikin ruwan da ya dace, wurin ya kan sake buɗewa. Yau kusan kowane rini sai an fara da wannan dahuwa, tsawonta da zafinta da tsamin ruwanta kuwa duk suna canja ƙarfin launin da za a samu. Daga nan a zuba antibodin bayan an surka shi gwargwado, a wanke, a zuba na biyu mai ɗauke da sinadarin haifar da launi, a sake wankewa, a zuba abin da zai rikiɗe ya zama ƙasa-ƙasa, daga ƙarshe a rina cibiyoyin ƙwayoyin da shuɗi don a ga siffar naman.

Ashe ke nan tsakanin wuƙar likita da idon mai dubawa akwai matakai fiye da goma, kowannensu kuwa yana iya kashe rinin. Wannan shi ne dalilin da ya sa takardar da masu sayar da antibodi ke haɗowa da kwalba ba ta wadatar ba. Su sun gwada shi da namansu da ruwansu da injinsu. Abin da a ke so a tabbatar shi ne dukan tafiyar, a cikin wannan ɗaki, a hannun waɗannan ma'aikata.

3. Kuskure iri biyu

Rini ya kan yi ƙarya ta hanya biyu. Ya kan ce akwai alhali babu, ko ya ce babu alhali akwai.

Ƙaryar farko tana da sanadi da yawa. Antibodin na iya kama wani furotin mai kama da wanda a ke nema. In an zuba shi da kauri ya kan shafe naman duka. Jajaye da fararen ƙwayoyin jini suna da nasu sinadari mai haifar da launin, in ba a kashe shi tun farko ba. Har wa yau akwai abubuwa masu launin ƙasa-ƙasa a cikin nama tun asali, kamar sinadarin da ke ba fata duhunta, da gurbin da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ke bari a hanta da saifa. Saboda irin wannan a kan koma ga jan launi in za a rina ƙarin fata mai duhu. Amma mai ido ya kan kama wannan ƙarya, don launin ya kan fito a inda bai kamata ba. Makarɓin istirojin a cibiyar ƙwaya ya ke, HER2 kuwa a bangon ƙwaya. In launi ya bayyana a wani wuri dabam, ya tona asirin kansa.

Ƙarya ta biyu ita ce mai haɗari, domin ba ta da alama. Gilashin da naman kansa ba shi da makarɓi, da gilashin da rininsa ya mutu, kamanninsu ɗaya ne a ƙarƙashin madubi: shuɗi fes, ba ɗigon ƙasa-ƙasa. Shaidan da ya ce bai ga kome ba, wataƙila ba abin da ya faru, wataƙila kuwa barci ya ke yi.

An ga ƙarshen wannan a lardin Newfoundland da Labrador na ƙasar Kanada. A 2005 aka sake gwada naman wata majiyyaciya wadda aka ce ƙarinta ba shi da makarɓi, sai ga shi yana da shi. Aka tattaro naman waɗanda aka gwada tun daga 1997 har 2005, aka aika wani asibiti a Toronto ya sake rinawa. Daga cikin majiyyata 1,013 aka tarar 383 an ba su sakamakon kuskure, da yawansu kuwa sun rasa maganin da ya cancance su, wasu ma sun riga mu gidan gaskiya kafin a gane. Gwamnatin lardin ta naɗa hukumar bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Margaret Cameron, wadda ta ba da rahotonta a 2009. Abin da rahoton ya nuna babu wani abin mamaki a cikinsa: nama bai kamu da fomalin sosai ba, ba a kula da naman gwaji yadda ya kamata ba, ba a rubuta abin da a ke yi, ba kuma wani na waje mai duba aikin. Shekara takwas ɗakin yana fitar da sakamako, ba wanda ya tsaya ya tambayi ko rinin yana faɗin gaskiya.

4. Yadda a ke tabbatarwa

Ƙungiyar likitocin binciken cututtuka ta Amurka, wadda a ke taƙaita sunanta da CAP, ta fitar da ƙa'idojin wannan aiki a 2014, ta sabunta su a 2024, ɗakuna da yawa a wasu ƙasashe kuma suna koyi da su. Ga yadda aikin ya ke bi da bi.

Da fari sai a daidaita rinin. A ɗauki naman da aka san halinsa, a gwada surki iri-iri da dahuwa iri-iri, har a sami wanda ke fito da launi sosai a inda ya kamata, ya bar sauran wurare da tsabta. Sa'an nan a rubuta wannan tsari dalla-dalla, a tsaya a kansa. Daidaitawa dabam, tabbatarwa dabam. Wanda ya tsaya a nan ya yi rabin aiki.

Na biyu, a tara naman majiyyatan da aka riga aka san amsarsu ta wata hanya amintacciya: ko wani ɗakin da aka yarda da aikinsa ya rina su, ko an auna su da wata dabara wadda ba ta dogara ga antibodi ba, ko kuwa siffarsu ta bayyana irin ciwon ba shakka. Ga rinin gane asalin ciwo a kan nemi aƙalla 10 masu abin da a ke nema da 10 marasa shi. Ga rinin zaɓen magani a kan nemi 20 da 20. Lalle ne kuma naman ya zama an sarrafa shi kamar yadda za a sarrafa na majiyyatan gobe.

Na uku, a rina su duka da sabon tsarin, a duba, an fi so mai dubawa bai san tsohuwar amsa ba, sa'an nan a gwama. Ana bukatar amsa ta dace a kashi 90 cikin 100 ko fiye. In ba ta kai ba, sai a bi sawun dalili, a gyara, a sake.

A nan akwai tarko biyu da ya kamata malamai su lura da su, don lissafi ne mai sauƙi. Na ɗaya, a ce an gwada nama 40, an dace a 36. Wannan kashi 90 ne cif, ga alama rini ya ci jarrabawa. Amma in duk huɗun da aka saɓa suna cikin 20 masu makarɓi ne, rinin ya ce ba su da shi, to, ashe cikin kowaɗanne mata biyar da magani ya cancanta, guda za ta tafi gida ba shi. Don haka ba a tsayawa ga jimla, sai an duba ta wane gefe kuskuren ya karkata. Na biyu, in duk naman da aka zaɓa masu cike da makarɓi ne, ko raunanan rini zai fito da su. Wanda ya ke so ya san kaifin wuƙa ba ya gwada ta a kan kabewa dafaffiya. Dole a sa masu ɗan kaɗan a ciki, gama a wurinsu ne hukunci ke juyawa. Ƙa'idar makarɓin istirojin ita ce, in ƙwaya 1 cikin 100 ta kama launi, a kan lissafa ƙarin cikin masu makarɓi. Tun 2020 kuma a kan ware masu 1 zuwa 10 cikin 100 a ce nasu kaɗan ne. Rinin da ba ya ganin irin waɗannan bai isa a yarda da shi ba.

Na huɗu, a gwada ko rinin yana tsayawa a kan magana ɗaya: a rina nama guda yau da gobe da jibi, a hannun ma'aikata dabam-dabam, a kan kowane inji da ɗakin ke da shi. Daga ƙarshe shugaban ɗakin ya sa hannu, a ajiye takardun da gilasan. Naman da aka sarrafa ta wata hanya dabam, kamar ƙashi da aka jiƙa a ruwa mai tsami don ya yi laushi, ko ƙwayoyin da aka zuƙo da allura aka adana cikin barasa, shi kuma sai an yi masa nasa gwajin.

5. Zakaran gwajin dafi

Tabbatarwa ta nuna rinin yana da kyau a watan da aka yi ta. Ba ta ce kome ba game da safiyar yau. Maharban dā in sun dafa dafi ba su fita da shi daji sai sun gwada a kan zakara. In zakara ya tashi ya ci gaba da kiwonsa, an san dafin bai yi ba. Haka ɗakin bincike ke yi kullum. A kan ɗora ɗan yankin naman da aka san halinsa a gefen naman majiyyaci, an fi so a kan gilashi guda, don duk abin da ya sami wannan ya sami wancan. In zakaran bai kama launi ba, ba a karanta gilashin, sai a sake.

Gwanintar tana wajen zaɓen zakaran. A kan so nama mai ɗauke da ƙwayoyi iri uku: masu abin da yawa, masu ɗan kaɗan, da marasa shi sam. Shi ya sa a ke yawan amfani da tonsil, watau kaluluwar da ke gefen maƙogwaro, da hanta, da ɗan reshen hanjin nan da a ke kira afendis. Ga misali, ƙwayoyin hanta suna da ɗan kaɗan na furotin da a ke kira keratin. In rinin keratin ya fara rauni, su ne za su fara dushewa, tun sauran suna nan da duhunsu. Ga makarɓin istirojin a kan ɗauki bakin mahaifa da tonsil. Zakara mai ƙarfi ƙwarai ba ya faɗakarwa da wuri, don ko rinin ya rasa rabin ƙarfinsa zai fito.

Akwai kuma zakara na cikin gida, wanda ya fi kowane daraja. A gefen ƙarin mama galibi a kan sami lafiyayyun hanyoyin nono, wasu ƙwayoyinsu kuwa suna da makarɓin istirojin bisa ga halitta. Su kaɗai ne suka yi tafiyar duka tare da ƙarin, tun daga ɗakin tiyata. In ƙari bai kama launi ba amma su sun kama, a'ar gaskiya ce. In su ma ba su kama ba, to, naman ne ko rinin ya sami matsala, bai halatta a rubuta babu ba.

6. Sa'ad da a ke sake gwaji

Duk abin da ya canja a tafiyar nan yana bukatar a sake dubawa, gwargwadon girman canjin. In sabon zubi na antibodi ya iso, a gwada shi a kan nama guda mai abin da guda maras shi kafin a taɓa na majiyyaci. In an canja surki, ko tsawon dahuwa, ko an sayo wannan zuriya daga wani kamfani, a gwada aƙalla 2 da 2. In an canja irin ruwan adana nama, ko inji, ko ɗakin ya ƙaura, ko ma ruwan da a ke aiki da shi ya sake, a gwada adadin da zai kwantar da rai. In kuwa zuriyar antibodin aka canja, ko da sunan furotin bai sake ba, sai a koma farko, don wani shaida ne dabam.

Wani lokaci kuma tambayar ce ke canjawa. Rinin HER2 an tsara shi tun 1998 don ya ware masu furotin da yawa ƙwarai, waɗanda maganin tirastuzumab ke yi wa amfani, ba a damu da bambancin maras kome da mai ɗan kaɗan ba. A 2022 aka amince a Amurka da wani sabon magani ga masu ɗan kaɗan ɗin, sai iyakar da dā ba ta da nauyi ta zama abin yanke hukunci. Rinin da aka tabbatar don tsohuwar tambaya ba lalle ne ya iya amsa sabuwa ba.

Bayan wannan duka, ɗaki ba ya ganin ƙeyarsa. Don haka aka kafa hukumomin duba aiki daga waje, kamar UK NEQAS a Ingila da NordiQC, wadda aka kafa a 2003 a birnin Aalborg na ƙasar Denmak. Su kan aika wa ɗaruruwan ɗakuna yanka daga nama guda, kowa ya rina ya mayar, gwanaye su ba da maki. Abin da NordiQC ta yi ta gani cikin shekaru shi ne, wajen kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku na gilasan da ke komowa ba su isa a yi hukunci da su ba, mafi yawan aibin kuwa raunin launi ne, watau ƙaryar nan maras alama.

7. In antibodin kansa ne maƙaryaci

Duk abin da muka faɗa ya ginu a kan cewa antibodin yana kama abin da aka rubuta a jikin kwalbarsa. Ba kullum haka ta ke ba. A 2006 wasu masu bincike a Faransa suka ba da labarin cewa rinin wani furotin mai suna ERCC1 yana nuna masu sankarar huhu da za su amfana da maganin sisfilatin. A 2013 su da kansu suka sake rina tsofaffin naman da sabon zubi na wannan zuriya, amsa ta saɓa a da yawa, suka kuma tarar cikin antibodi 16 babu mai iya rarrabe siffar furotin mai aiki daga sauran uku marasa aiki. A 2017 wasu a ƙasar Suwidin suka gwada antibodi 13 na wani makarɓin istirojin na biyu, wanda a ke kira beta, suka tarar guda ɗaya ne kaɗai ke kama shi ba kuskure, da shi kuwa ba su sami makarɓin a naman mama ba, alhali an yi shekaru ana rubuce-rubuce a kan samuwarsa a can.

A 2016 wani kwamitin masana na ƙasashe ya ba da shawarar hanyoyi biyar na binciken antibodi. Mafi ƙarfinsu a fahimta ita ce a ɗauki ƙwayoyi a kashe musu tsatson gadon da ke yin furotin. In har yanzu suna kama launi, an san wani abu dabam antibodin ke kamawa. Wata hanyar ita ce a gwama da antibodi na biyu mai kama wani sashe dabam na furotin, a ga ko za su nuna wuri ɗaya. Ƙaramin ɗakin asibiti ba shi da halin yin irin wannan, amma yana da halin zaɓen zuriyar da wasu suka riga suka bincika, ya guji wadda ba a san asalinta ba kome arharta.

8. Abin da ya shafe mu

An daɗe ana cewa sankarar mama a Afirka ta Yamma galibi ba ta da makarɓin istirojin. Wani bincike da aka buga a 2009, a kan nama 507 daga Nijeriya da Senegal, ya sami makarɓin a kashi 24 cikin 100 kaɗai. Amma wani da aka yi a Ibadan aka buga a 2008, a kan nama 192, ya same shi a kashi 65. A 2014 wasu masana suka tattara binciken da aka yi a faɗin Afirka, suka lura cewa inda aka tattara nama da gangan don gwajin an fi samun makarɓin, bisa ga inda aka tono tsohon naman ajiya. Shekarun majiyyata da nisan da ciwo ya yi kafin su zo asibiti suna da nasu rabo a wannan saɓani, amma yadda aka riƙe naman shi ma yana da nasa.

Wannan kuwa ba zai ba wanda ya san ƙasarmu mamaki ba. A kan yi tiyata a ƙaramin asibiti, naman ya yi tafiyar kwana da kwanaki cikin zafin bazara kafin ya isa babban asibitin koyarwa, wani lokaci a hannun dangin majiyyaci, cikin kwalbar da ruwanta bai rufe shi ba. Antibodi kuwa sanyi ya ke so, tsakanin digiri 2 da 8, ga shi wuta tana ɗaukewa. Ɗakin da ke cikin wannan hali ya fi kowa bukatar tabbatar da rininsa da irin naman da ke zo masa a zahiri. Yawancin abin da a ke bukata kuma bai fi ƙarfinmu ba: a tsaga nama, a nutsar da shi cikin fomalin mai yawa nan da nan, a rubuta sa'ar da ya fita jiki da sa'ar da ya shiga ruwa, a ajiye tonsil da hanta don gwaji, a riƙa musayar gilashi da wani ɗaki ana gwama amsa. Tamoksifen yana daga cikin magungunan sankara masu sauƙin kuɗi, ƙwaya ce da mace za ta sha a ɗakinta. Duk wadda aka rubuta mata babu bisa kuskure, an raba ta da maganin da ta fi iya saye.

Malaman da ke horad da ma'aikatan ɗakin bincike da masu jinya, abin da ya kamata su dasa a zukatan ɗalibansu shi ne tambaya guda, wadda za su riƙa yi duk sa'ad da suka ga gilashi ba launi: me ya nuna cewa da abin yana nan da rinin ya gan shi? In amsar tana kan gilashin, a rubuta sakamako. In ba ta nan, a sake rinawa.